Koren kwando da jan kwando: yadda muke gwada katrij ɗin tawada

Idan kana da firinta mai fesa tawada, ciro katrij ɗin ka juya bayansa. Za ka ga wata 'yar leda mai ruwan ƙasa manne da jikinsa, da ɗige-ɗige masu ruwan zinare a jere, waɗanda ta nan wuta ke shiga katrij daga firinta. Yawancin mutane ba sa kula da su sai ranar da firinta ta ƙi karɓar katrij, wani ya ce a goge wurin da tsumma. To ni a kan waɗannan ɗige-ɗigen nake cin abinci.

Ina aiki ne a wata masana'anta a Zhuhai, birnin da ke maƙwabtaka da Makau a lardin Guangdong na ƙasar Sin, inda kamfanonin tawada da katrij suka yi dandazo har garin ya yi suna da wannan sana'a. Mu ba sabo muke ƙerawa daga tushe ba. Fankon katrij da aka gama amfani da shi a wasu ƙasashe ake tarowa a kwantena, mu tantance, mu wanke, mu sake ɗurawa, mu rufe. Sashena shi ne na gwajin lantarki. Injinan da ke yanke hukuncin wanda zai faɗa koren kwando da wanda zai faɗa ja, mu ke kula da su.

Sai an san abin da ke cikin katrij kafin a gane dalilin wannan ɗawainiya. Irin wanda kan da ke fesa tawada ke haɗe da jikinsa, kamar HP 123 da 652 ko Canon PG-445 da ake yawan gani a shagunan buga takardu na gida, ba robar tawada ba ce kawai. A ƙasansa akwai ɗan fallen silikon, an shimfiɗa masa ɗaruruwan ƙananan rizista, wato 'yan abubuwan da ke ɗaukar zafi idan wuta ta bi ta cikinsu, kowace a ƙarƙashin 'yar ƙofarta wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Idan firinta na son ɗigo ɗaya, sai ta tura wuta cikin rizista ɗaya na ɗan lokacin da bai wuce kashi biyu ko uku cikin miliyan na daƙiƙa ba. Fuskar rizistar ta ɗau zafi wajen digiri 300, tawadar da ke kanta ta tafasa nan take, kumfa ya taso ya tunkuɗo ɗigo waje, ya mutu, wata tawadar ta cike gurbin. Haka za a yi ta yi sau dubbai a daƙiƙa guda.

Kamfanoni biyu ne suka gano wannan dabara, kowa da hanyarsa. A Canon, a 1977, ƙarfen soda mai zafi ya taɓa allurar sirinji mai tawada, tawadar ta yi tsartuwa, Ichiro Endo da abokan aikinsa suka bi diddigin abin. A HP kuma John Vaught ya fara nasa a 1979, har aka fitar da firintar ThinkJet a 1984, mai ƙofofi 12 kacal. Epson ta bi wata hanyar daban, ba ta dafa tawada, matse ta take yi, kuma kan yana zaune a cikin firinta, don haka ba ta cikin zancena na yau.

Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini, da tsohon katrij ɗin nan HP 45 nake fara koya masa, domin tsarinsa a fili yake. Har yanzu ana amfani da irinsa a masana'antu wajen buga kwanan wata a jikin kwali. Yana da ƙofofi 300, amma ɗigon zinarensa 52 ne. Ta yaya 52 za su sarrafa 300? An jera rizistocin ne a layi-layi. Akwai layukan adireshi 22, da layukan wuta 14, da na dawowar wuta 14, sai biyu na awo, ɗaya daga cikinsu na jin zafin kan. Idan ka ninka 22 da 14 za ka sami 308, ana amfani da 300. Don harba ƙofa ɗaya, sai a buɗe adireshinta, a tura wuta ta layinta, inda suka haɗu nan ɗigo zai fito. Abin da nake so yaro ya riƙe shi ne, lalacewa tana da kamanni. Idan ƙofa ɗaya tilo ta mutu, rizistarta ce ta ƙone. Idan wajen ashirin suka mutu a dunƙule, layin wuta ne ya katse. Idan kuwa ɗai-ɗai suka mutu a warwatse, ɗaya daga kowane rukuni, to adireshi ne. Wanda ya iya karanta wannan ba ya buƙatar madubin ƙara girma kafin ya san inda ciwon yake.

A layinmu bel ne ke kawo katrij, hannun inji ya ɗauka ya zaunar da shi a gurbi, sai wani faranti mai allurai ya matso ya danna. Alluran nan kowace da sifirin a cikinta, an shafe bakinta da zinare, kuma kowace an saita ta daidai kan ɗigon zinare ɗaya. Abu na farko da inji ke tambaya shi ne ko duk alluran sun taɓa. Daga nan ya duba ko wani layi ya katse, ko biyu da bai kamata su haɗu ba sun haɗu. Sai ya sa 'yar wuta ya auna ko tana yoyo ta inda ba hanyarta ba, wanda yakan nuna tawada ta ci rufin silikon ɗin ko ta shiga ƙarƙashin leda. Sai ya bi rizistocin ɗaya bayan ɗaya. Sai mai jin zafi, sai lambar shaidar da firinta ke karantawa don ta gane wane katrij aka sa mata. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu, kuma da wuta 'yar kaɗan, saboda fanko ne. Tawada ita ke sanyaya rizista. In ka harba ta a bushe da cikakkiyar wuta, kai da kanka ka ƙone abin da ka zo gwadawa.

Sau biyu muke yi. Na farko tun fankon bai shiga wanka ba, don kada a ɓata ruwa da tawada da lokacin ma'aikata a kan gawa. Na biyu bayan an ɗura. Masu ƙera sabo su ma haka suke, har sun fi mu: tun silikon yana faifai, ba a yanyanka shi ba, ake gwada kowane falle, a sake bayan an haɗa shi da leda, a sake a ƙarshe. Dalilin ɗaya ne, duk matakin da lalataccen abu ya tsallake, kuɗin da za a yi asara a kansa ƙaruwa yake yi.

Wanda ya tsaya daga nesa zai ɗauka aikinmu shi ne gwada katrij. Alhali mafi yawan lokacina a kan injin gwajin kansa yake tafiya. Inji ba ya gajiya, ba ya jin yunwa, ba ya son kai, shi ya sa mutane ke yarda da shi ido rufe. Amma yana iya yin kuskure iri ɗaya sau dubu a jere fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Mu yi lissafi. A ce layi na fitar da katrij ɗaya duk daƙiƙa 2. A awa 1,800 ke nan, a kwana guda in ba a tsaya ba 43,200. Idan inji ya yi wa ɗaya cikin ɗari ƙazafi, an zubar da lafiyayyu 432 a rana. Idan kuma ɗaya cikin ɗari na marasa lafiya yake bari su wuce, wannan ya fi muni, domin ba a nan za a ga abin ba. Sai katrij ya ƙetare teku, ya shiga shagon wani bawan Allah, ɗalibi yana tsaye yana jiran a buga masa furojet ɗinsa, takarda ta fito da fararen layuka.

Kusan kullum allurai ne tushen ƙazafin. Kowace tana dannawa dubban lokuta a rana. Sifirin yana sanyi, zinaren baki yana goguwa, ga kuma abin da ya fi damun mu masu aiki da tsohon katrij: busasshiyar tawada da maiƙon hannu a kan ɗigon. Rizistar HP 45 wajen om 30 take, om kuwa shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Idan allura mai datti ta ƙara om 1 ko 2, awon ya kauce da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, kuma hakan ya isa ya tura lafiyayyen katrij jan kwando. Akwai tsohuwar dabara da ake dangantawa da Lord Kelvin tun ƙarni na 19: a yi amfani da wayoyi huɗu maimakon biyu, biyu su kai wuta, biyu su yi awo kawai, ta yadda abin da wayoyi da allurai suka ƙara ba zai shiga lissafi ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ina son ta. Sai dai ɗigon ƙarami ne, ba kullum allurai biyu ke samun wurin zama a kansa ba, don haka dole a haɗa da sa ido.

Sa idon nan yana da tsari. Muna da wasu katrij a akwati mai makulli, su ne zakarun gwajin dafinmu. Wasu lafiyayyu ne da muka san awonsu sarai, wasu kuma mun san ciwon kowanne: wannan layinsa a katse yake, wancan yana yoyo, wancan rizistarsa ɗaya ta ƙone. Duk canjin ma'aikata sai an bi da su ta kowane gurbi kafin a saki layi. Mutane sukan tuna da lafiyayyun su manta da marasa lafiyar, ni kuwa marasa lafiyar sun fi mini muhimmanci. Injin da ke cewa komai lafiya, kowa na murna da shi, ba mai zuwa ya kira ka. Wanda zai tona asirinsa shi ne mataccen katrij ɗin da ya kamata ya ƙi amma ya karɓa.

Sannan kowane gurbi da lissafinsa daban. Idan faɗuwa ta yi yawa, tambayar farko ita ce daga wane gurbi. In duk sun tashi tare, kaya ne suka zo da matsala. In ɗaya ne ya yi fice, farantinsa za a kwance. Muna kuma zana awon a jadawali, irin wanda Walter Shewhart ya fito da shi a 1924 a kamfanin Western Electric na Amurka. Amfaninsa shi ne ba sai awo ya tsallake iyaka za ka farga ba. Da ka ga yana ta hawa sannu-sannu ta gefe ɗaya, ka san allura ta fara mutuwa, ka canza ta tun ba ta yi ɓarna ba. Kafin a amince da sabon inji kuma, akan ɗauki katrij 10, mutum 3 su auna kowanne sau 3. Idan bambancin da awon kansa ya haifar bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, an karɓa. In ya haura 30, ba a aiki da shi.

Akwai wata ɗabi'a da nake yaƙi da ita, kuma ba mugunta ke kawo ta ba, tausayi ne da matsin lamba. Katrij ya faɗi, ma'aikaciya ta ciro ta mayar, ya faɗi, ta sake, a karo na huɗu ya ci, ta jefa a kore. A ganinta ta ceci kayan kamfani. Amma katrij ɗin da ya faɗi sau uku ya ci sau ɗaya yana gaya maka wani abu ne: akwai layin da ke haɗuwa yana rabuwa, kuma girgizar mota da zafin firinta za su ƙarasa shi. Ƙa'idarmu maimaici ɗaya ne, bayan an goge ɗigon, kuma a wani gurbin daban. Na sa an rubuta wannan a cikin manhajar, ta yadda inji zai ƙi karɓar lambar da ta riga ta faɗi sau biyu. Ba na ganin laifin ma'aikatan. In kana auna mutum da yawan abin da ya wuce ta hannunsa, kada ka bar masa ƙofar da zai jarrabi kansa.

Inda abin ya fi zafi shi ne iyaka. Inji bai san mai kyau da maras kyau ba. Lamba biyu aka ba shi, ta ƙasa da ta sama, abin da ya faɗa tsakani ya wuce. Mutum ne ya rubuta lambobin, kuma mutum na iya sauya su cikin minti ɗaya. Duk lokacin da oda ta matso kuma kaya ba su cika ba, sai an sami mai cewa a ɗan buɗa iyakar. Ni a wurina wannan da tauye mudu duk ɗaya ne: mai saye ya biya kuɗin cikakke, an auna masa da wanda aka buga wa gindi, kuma ba shi da hanyar ganewa sai ya isa gida. Ba cewa nake iyaka ba ta taɓuwa ba. Tana taɓuwa, idan an kwaso katrij ɗin da ke bakin iyakar, an ɗura, an buga da su har tawada ta ƙare, an ga sun riƙe. Wannan hujja ce. Amma a buɗa don kwantena na jira, wannan ban taɓa sa hannu a kai ba.

Wani lokaci 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sari sukan ƙaraso nan, kuma da yake ni ne mai jin Hausa, ni ake turawa in zagaya da su. Wani dattijo mai shagunan kayan kwamfuta ya tsaya ya daɗe yana kallon jan kwando, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya.

Ya ce, "Injiniya, wannan ai ban ga abin da ya same shi ba. In za a haɗa mini irinsu, nawa za a bar mini?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ido ba za a gani ba. Wannan ƙofofinsa wajen ashirin sun mutu. Zai yi bugu, amma duk shafi sai ya fito da zane."

Ya ce, "To ai mutanenmu araha suke nema."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Amma wanda ya saya ba Zhuhai zai zo ya yi ƙorafi ba, shagonka zai dawo."

Ya yi dariya, ya ajiye, ya ce in nuna masa yadda ake karanta takardar gwaji. Mun fi awa a kan haka. Ban ɗauke shi macuci ba ko kaɗan. Bai san akwai abin da ido ba ya gani a wannan 'yar roba ba, kuma da ya sani ya sauya tambaya. Abin da ke ci mini rai shi ne tunanin da ke bayan maganar, wanda na sha ji daga bakin masu sayarwa da masu saye, cewa kasuwarmu ita ce inda kaya masu daraja ta biyu ke tafiya. Duk mai saro katrij da yawa yana da haƙƙin ya tambaya: ana gwada kowane ɗaya ne ko tsinta ake yi, ana gwadawa bayan ɗuri, kuma ina ake kai waɗanda suka faɗi. Masana'antar da ke gwaji da gaske tana da bayanan a kwamfuta, ba za ta yi jinkirin nunawa ba.

Akwai abokin gaba guda da ya fi shafar gida fiye da nan. Lantarkin nan da ke taruwa a jikin mutum, wanda ke ɗan tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota da hunturu, mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen volt 3,000. Ƙananan transistocin da ke cikin silikon kuwa, abin da bai kai kusa da haka ba ya isa ya huda su. Zhuhai gari ne mai laima, duk da haka ba mai taɓa katrij sai da igiya a wuyan hannu wadda ke sauke lantarkin zuwa ƙasa ta cikin rizista mai om miliyan 1, ga tabarma ta musamman a kan tebur. To ina ga Kano ko Zinder a watan Janairu, iska a bushe ƙayau, mai ɗuri yana zaune a kujerar roba, ya kama katrij ta wajen zinaren da yatsa? Wani lahanin ma ba ya nunawa nan take, sai bayan kwanaki. Katrij da yawa da ake cewa tawada ce ba ta da kyau, hannu ne ya kashe su. A riƙe shi ta gefe, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a fara, a goge ɗigon da ɗan tsumma mai tsabta da sifirit, a bari ya bushe. Kuma kada a jira sai bugu ya dusashe gaba ɗaya kafin a ɗura, domin kowane shafin da aka tilasta masa a bushe rizistoci yake ci.

Gwajin lantarki fa yana da inda ya tsaya. Ƙofar da busasshiyar tawada ta toshe, rizistarta lafiya lau take, inji zai ce ta ci. Haka iskar da ta maƙale a soso. Shi ya sa bayan ɗuri ake buga ɗan zane wanda kowace ƙofa ke da layinta a ciki, kyamara ta ƙirga waɗanda suka fito. Amfanin haɗa biyun shi ne rarrabewa: layi ya ɓace amma lantarki lafiya, toshewa ce, wanka zai gyara, layi ya ɓace kuma rizista a katse, ba ruwan zafin da zai tashe ta. Na san masu gyara a gida da ke kwana suna jiƙa katrij a ruwan ɗumi, alhali tun farko matacce ne.

Wannan rarrabewar ce nake ganin ɗaliban lantarki a kwalejojin fasaharmu za su iya kawo wa masu shaguna, ba tare da injin miliyoyi ba. Abin da ya fi wuya a na'urar gwaji shi ne saita allurai daidai kan ɗigo, kuma wannan an riga an yi shi a cikin kowace matacciyar firinta: gurbin da katrij ke zama yana nan da haɗinsa, ga faffaɗar wayarsa. A ciro shi, a bi layukan da mita a gane wanne ne wanne, a haɗa da ƙaramin allo irin Arduino da zai buɗe adireshi ɗaya bayan ɗaya yana auna 'yar wutar da ta wuce. A fara da tsofaffin samfura irin HP 45 masu layuka a fili, domin sababbin da saƙon lambobi ake magana da su, sai an san yarensu. A kuma tanadi katrij biyu tun ranar farko, lafiyayye ɗaya da wanda aka tabbatar ya ƙone ɗaya, a riƙa bi da su ta na'urar kowace safiya kafin a taɓa kayan kwastoma.